Kuɓewar Hajiya a kan pano

Jama'a, yau ni ne sakaran Dakoro, kuma da shaidu!

Shekaranjiya na sayo sabuwar waya. Kun san ni, na yi lakkol, makarantar boko, har aji huɗu, ba a koya mini batir. Na ce sai an ƙarar da wutarshi tas, sannan ya sha caji kwana biyu cur, in ba haka ba ya tashi rago. Na ƙarar da ita, na jona ta da ƙaramin panon wutar rana da ke bisa rumfa, na kafa kujera ina gadi.

Yau na kira tsofaffin fadarmu su ga aikin ilimi. Na danna. Shiru! Na sake dannawa. Baƙi ƙirin!

Malam Idi ya kira ni da laƙabin malaman lakkol, ya ce, "Mushe, ko rowar haske take?"

Na leƙa bisa rumfa. Wayyo! Uwargidana Hajiya ta shanya kuɓewa a kan panon, ta rufe shi ruf!

Na ce, "Hajiya, mi ne ne wannan?"

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, rana guda muka roƙa ni da kai. Kuɓewata dai ta bushe. Kai da ka yi lakkol, ina naka?"