Idon da Ke Jin Zarto

Kafin mai gadi ya gama shayinsa na safe, Baba Filaya ya riga ya shiga ma'aikatar. Dogon ɗaki ne mai injuna shida, inda ake yanka katako a fitar da haruffa da furanni da tsuntsayen wasan yara. Yakan tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya zauna gaban injin farko, ya zaro filayar da ta ba shi suna.

Zarton waɗannan injuna siriri ne kamar zaren ɗinki, kuma a murɗe yake don ya ci katako ta kowace fuska. Murɗewar nan ce amfaninsa, ita ce kuma sharrinsa. Mariƙin injin, na sama da na ƙasa, abu mai faɗi yake iya matsewa. Idan aka ba shi murɗaɗɗe, sai ya yi masa riƙon sakainar kashi. Shi ya sa Baba ke warware bakin kowane zarto da filaya, ya dandaƙe shi da ƙaramar guduma har ya kwanta, ya goge man da ya zo da shi, ya gurza masa sanfefa. Sannan ya ɗaure, ya taɓa shi da farce kamar mai gwada tsirkiya. Shekara talatin da ɗaya yana wannan, ko hotonsa ba a taɓa ɗauka ba.

Idonsa na hagu a rufe yake. Tsofaffin ma'aikata sun ce a shekararsa ta farko, yana matashi mai rawar jiki, ya cusa zarto a murɗe, ya matse noti, ya kunna. Zarton ya kuɓuce ya karye. Aka share ɗakin, aka tankaɗe garin katako, aka sami guntaye biyu. Da aka haɗa su, tsawon bai cika ba. Na ukun har yau ba a gan shi ba, kuma ba a ta da zancen a gabansa.

Ni ko ƙusa ban iya bugawa ba, ƙanwata ce ta haɗa ni da shi. Ita ke kan inji na uku, kuma da idanunta take ciyar da 'ya'ya huɗu. Bara, wata Talata da hantsi, na kai mata makullin gida da ta manta. Aiki ya yi yawa, manaja yana tsaye yana kallon agogo. Zartonta ya tsinke, Baba kuma yana bayan ginin wajen famfo yana wanke tsumma. Ita kuwa tun muna yara ba ta jiran shayi ya huce, sai ta ɗauki sabo ta cusa yadda ya zo. Gumi ya sa ta ture tabaran kariya zuwa goshi, ta sunkuya dab da katakon tana bin layin zane.

Injuna shida suna ruri, sai ga Baba a bakin ƙofa, ya dafe rufaffen idon, ruwa yana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. Bai yi ihu ba. Ya miƙa hannu ya kashe wutar ɗakin gaba ɗaya, wuri ya yi tsit.

"'Yata ta inji na uku," ya ce, "ɗaga kanki a hankali."

Ta ɗaga. Ya ƙaraso ya taɓa zarton da farce, sai bakinsa na sama ya zame ya fito, ya tsaya yana rawa saitin inda idonta yake ɗazu.

Manaja ya yi dariyar yaƙe. "Baba, ashe kunnen na nan daram."

"Wane kunne?" in ji mai fenti, tsohon abokin aikinsa. "Shekara biyu ke nan leɓen mutane yake karantawa."

Bayan kwanaki na zauna a gabansa, inda zai ga bakina, na tambaye shi yadda ya sani, don in rubuta labarinsa.

"Malam, rubuta cewa ta ƙafa nake ji, siminti ke kawo mini. Kada a ce tsoho ya fara ruɗewa."

"Amma Baba, ranar ai a waje kake, kan ƙasa."

Ya ajiye filayar. Sannan ya nuna idon da ɗan yatsa. "Guntun da ke cikin nan ne. Yakan motsa idan ɗan'uwansa zai fita."

Ban san gaskiyar wannan ba, ba kuma zan yi muku ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne, tun ranar da ya rasa nasa, babu wanda ya sake rasa ido a ɗakin nan.

Baba, kai ne mai gadin da ba a ba shi sanda ba. Kai ne ka biya kuɗin karatu da idonka, ka koyar da sauran kyauta. 'Ya'yan ƙanwata ba su san ka ba, amma duk ranar da uwarsu ta dube su da ido biyu, aikinka ne.

Watan jiya ya ajiye aiki. Ya miƙa wa ƙanwata filayar, ita kuwa tana hawaye ta ce, "Baba, idan ka tafi wa zai riƙa ji mana?"

"Ku kwantar da bakin zarto, ku sauke tabarau," ya ce. "Ba sai kowa ya ba da ido ba."

Makon da ya wuce, da azahar, matarsa ta buga wa ƙanwata waya daga can ƙarshen gari. "Yi haƙuri, baban yara ne ya hana ni sakat. Wai a duba inji na biyar."

Aka kashe na biyar. Notin mariƙin ya kwance, zarton saura ƙiris ya fita.

Mun gode, Baba Filaya. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutun da ya fi wannan. Ku kuma da ke gaban injuna a ko'ina, ku ɗauki filaya ku yi wa zarto gyaran minti biyu kafin ku kunna. Tsohon ya ajiye aiki, ku taimaka idonsa ma ya huta.