Bulowa da Irin Riɗin Gidanmu

Shekarar da na buɗe wurin wankin mota a Kankara, tsumma ne abokin aikina. In na ɗauraye mota sai in bi ta da shi, in matse, in sake bi. Duk da haka mai mota yana tayarwa ruwa zai zubo daga bayan madubi ya ja layi a jikin ƙofa, shi kuma ya juyo ya harare ni kamar ban taɓuka komai ba. Wannan layin ruwan ne ya kai ni Funtuwa neman injin hura iska, wanda mu a bakin aiki muke kira bulowa.

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri. Ya jera mini kala-kala a kan tebur, ya ɗaga wata 'yar ƙarama mai batir ya ce ita ce daidai da aikina: ba nauyi, ba igiyar da za ta harɗe ƙafa, kuma tana da maɓallin rage ƙarfi. Ni kuwa idona yana kan wata ƙatuwar ja mai igiya, wadda da ya kunna sai da ledojin shagon suka tashi sama.

"Wagga ba ta san sannu ba," in ji shi. "Ko a kashe, ko a kunne."

Abin da ya sa na so ta ke nan. Ina so a ji ƙarata tun daga bakin titi, a san wurina ba irin na sauran ba ne.

Ranar farko ta ba ni kunya, don na hura yashi a jikin motar da na gama wankewa, sai da na sake ta daga farko. A hankali na iya ta. Ka fara share daɓe ka yayyafa masa ruwa. Ka soma daga rufin mota ka koro ruwan ƙasa, sannan madubi, hannun ƙofa, gefen fitilu, ramukan taya. Kada bakinta ya taɓa fenti. Cikin wata biyu sai ga manyan gari suna kawo mini motocinsu, suna zama a benci suna kallon ruwa yana gudu a kan gilashi. Na fara jin kaina.

Akwai abin da mutanen bencin nan ba su sani ba. In an tambaye ni garinmu, cewa nake Faskari kawai. Gaskiyar ita ce wani ɗan ƙauye ne can bayan Tafoki, kuma gidanmu gidan Maguzawa ne. Mahaifina ya musulunta kafin a haife ni, amma ƙanensa, wanda nake kira Baba, yana nan a kan abin da ya tarar. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Shi ya koya mini shukar riɗi, cewa sai an cuɗa shi da yashi kafin a yafa, don in ba haka ba iska kaɗan ma ta ishe shi. Riɗin gidanmu wani fari ne mai ƙamshi, tun na kakanni, kowace shekara Baba yana ware irinsa a gora ya toshe da toka. Duk wannan na sani, kuma ban taɓa faɗa wa kowa a Kankara ba.

Ranar da nake son ba da labari, damina ta kankama. An yi ruwa da safe, motoci sun sha laka, layi ya yi tsawo. A kan daɓe akwai motar wani Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda ya fi kowa kawo mini aiki. Yana zaune a benci da mutum huɗu ko biyar suna hira. Sai wata a-kori-kura daga wajen Yankara ta tsaya, wani tsoho ya sauko jiƙe sharkaf, rungume da ƙullin tsumma. Tun kafin ya ɗago na gane tafiyar.

Bai yi sallama ba, don ba gaisuwarsa ba ce. "Sannunku da aiki," ya ce.

Na amsa a daƙile, kamar yadda ake amsa wa mai tambayar hanya, na nuna masa bayan tankin ruwa da haɓa. Sai da na ga hirar benci ta ci gaba na zagaya na same shi. A tsaye na gaishe shi, murya ƙasa-ƙasa, ban ko rusuna ba.

Ya gaya mini 'yan bindiga sun tashi ƙauyen, an ƙone rumbuna, kowa ya watse, wasu Faskari, wasu wajen Sabuwa. Shi ya koma cikin toka ya tono gorar nan. Ta tsage, ya juye irin a tsumma, ruwan safe kuma ya same su a bayan mota. Wani ya ara masa 'yar gona a gefen Kankara.

"Irin ga kaɗai ya rage, ɗana," ya ce. "In ya kwana da danshi, ya lalace. Bar ni in shanya a daɓenka, rana ta ɗan taɓa shi in tahi."

Ya shimfiɗa tsohon mayafinsa a gefen daɓe, kusa da kwata, ya baje riɗin da tafin hannu. Bai fi cikin kwano ba. Na ɗaga kai na dubi sama. Rana tana leƙowa tana komawa, shanyar nan sai ta kai la'asar. Azahar kuwa ta kusa. Na san abin da zai faru: za a kira salla, kowa zai miƙe ya ɗauki buta, tsohon nan zai ci gaba da zamansa. Wani zai ce, Baba ga buta. Shi kuma ba ya ƙarya a kan wannan, zai faɗa musu ko shi wane ne, daga nan a tambayi abin da ya kawo shi wurina. Ba riɗin nake tunani ba, ba ƙauyen da aka ƙone ba. Yadda zan rabu da shi kafin ladan ya buɗe baki, shi ne kawai a raina.

Bulowa tana hannuna, janareto yana aiki.

"Baba, bari in busar maka yanzu-yanzu."

"Da wanga abu? A'a, ɗana, bari rana..."

Kafin ya rufe baki na danna. Na ɗan ja baya, wai don iskar ta yi sauƙi, kamar ban san abin da na sayo ba. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Riɗin ya tashi gaba ɗaya, mayafin ya bi shi ya nannaɗe a tayar motar Alhaji. Na ji saukarsa a kwata, yaf, cikin ruwan omo da baƙin mai da lakar motocin da na wanke tun safe.

Hirar benci ta tsaya. Baba bai dube ni ba. Ya dafa gwiwa ya durƙusa a bakin kwatar, ya sa yatsu biyu ya fara tsinta, ƙwaya ɗaya-ɗaya, yana gogewa a rigarsa yana sawa a hula. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

"Kai, kashe injin nan!" Alhaji ne ya daka mini tsawa. Ya taso, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya tsuguna kusa da tsohon. Mutumin da ko laka ba ya yarda ta taɓa takalminsa ya tsoma hannu a kwatata. Sauran ma suka taso. Alhaji ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafinsa, ya ce rabonsa da ganin wannan irin tun yana yaro. Ya ce wanda baƙin mai ya taɓa a haƙura da shi, ba zai tsira ba, a duba mayafin. Suka warware shi daga taya, suka kakkaɓe abin da ya maƙale a bakin ɗinki. Duka bai rufe gindin hular ba.

Ni ina tsaye da jar bulowata, na rasa inda zan ajiye ta.

"Baba, daga ina?" in ji Alhaji. Ya faɗa masa. Alhaji ya girgiza kai ya yi masa jaje, sannan ya dube ni, ya dube shi, ya sake dubana. Goshinmu ɗaya, kowa a ƙauye ya sha faɗa.

"Mi ya haɗa ku da yaron ga? Ɗanka ne?"

Baba bai amsa nan take ba. Ya bar mini fili. Na san ya bar mini, don hannunsa ya tsaya da tsintar, kansa a sunkuye, yana jira. Kalma ɗaya ce, tana bakina, na ji nauyinta a harshe. Na tsaya ina kallon igiyar bulowa a ƙasa.

"A'a, Alhaji," ya ce daga ƙarshe. "Wucewa nike, na ga daɓe mai kyau, na roƙi arziki."

Ya miƙe da ƙyar, ya naɗe jiƙaƙƙen mayafin, ya riƙe hular da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya yi wa Alhaji godiya, ya yi wa kowa godiya. Da ya zo daidai inda nake sai ya ɗan tsaya.

"Na gode, Malam," ya ce mini.

Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce masa ba komai.