Sittin Ɗin Baba da Sittin Ɗin Maleji

Wata rana, a wani gari da ke kusa da Funtuwa, wani dattijo ya ƙi hawa babur ɗin ɗansa.

Ba faɗa suka yi ba. Ya dai fito ƙofar gida da sandarsa, ya ce yau a motar haya zai tafi.

Sunan dattijon Malam Barau. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, yana kai hatsi Kudu, har sai da yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ajiye tuƙi. Ɗansa Ɗayyabu malamin gona ne, kuma shi ke kai shi asibitin ido a Funtuwa duk ranar Alhamis.

Babur ɗin Ɗayyabu na zamani ne, malejinsa lambobi yake nunawa, ba allura ba. Yana ji da babur ɗin nan. Kafin ya karya kumallo ya goge shi.

Matsalar guda ce.

Da sun hau kwalta sai dattijo ya taɓa masa kafaɗa, ya ce, "Malamin gona, rage wuta."

Ɗayyabu ya duba maleji. Sittin cif. Ya ce, "Baba, sittin fa nake."

Dattijo ya ce wannan ba sittin ba ce.

Haka Alhamis ta farko. Haka ta biyu. Haka har wata uku.

A ransa Ɗayyabu ya gama yanke hukunci: tsufa ne da raunin ido. Wanda ba ya gani sosai, komai gudu yake yi masa. Ga lamba ƙuru-ƙuru a gabansa, ta yaya zai bar ta ya bi jin jikin tsoho?

Bai taɓa faɗa a fili ba. Amma uba ya san shirun ɗansa.

Shi ya sa ran nan ya zaɓi motar haya.

Ɗayyabu ya bi shi bakin titi yana ba shi haƙuri, dattijo ya ce babu komai. Dattijon ya fi awa guda a cikin rana kafin mota ta zo. Da ta zo kuma a cike take, aka cusa shi a gaba su biyu a kujera ɗaya, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Ɗayyabu ya tsaya yana kallon motar har ta ɓace. Ga babur a hannunsa, ga mai a tanki, amma mahaifinsa ya gwammace a matse shi kamar buhun masara.

Bai wuce gona ba. Kai tsaye ya nufi garejin wani bakanike mai suna Rabilu, wanda ya ƙware a kan wayoyin babur. Kuma gaskiyar magana, ba gyara ya je nema ba. Shaida ya je nema, wanda zai ce masa malejinsa lafiya lau yake.

Rabilu ya saurari labarin yana goge hannu da tsumma. Sai ya durƙusa ya leƙa wajen sarƙa, ya dubi tayar baya. Ya tambaye shi ko ya taɓa canza wani abu.

Ɗayyabu ya tuna. Wata huɗu da suka wuce ya sa an canza ƙarfen nan mai haƙora da ke jan sarƙa, aka sa masa mafi girma don injin ya rage kuka a doguwar hanya. Ya kuma sa tayar baya mai ɗan tsayi saboda hanyoyin ƙauye.

Rabilu ya ɗaure wayarsa a kan babur ɗin, ya buɗe manhajar da ke auna gudu ta tauraron ɗan adam, ya hau baya, ya ce su je miƙaƙƙen titi.

Ɗayyabu ya murza. Maleji ya nuna sittin.

Wayar ta nuna saba'in da huɗu.

Suka juyo, suka sake. Saba'in da huɗu.

Ɗayyabu ya tsaya a gefen hanya, ya cire hular kwano, ya ce, "To wa ke ƙarya a cikinsu?"

Rabilu ya ce, "Babu. Malejinka juyin injin yake ƙirgawa, da lissafin tsohon ƙarfe da tsohuwar taya. Kai ka canza masa ƙafa, ba ka sanar da shi ba."

"Kenan Baba..."

"Baba ya riga wayar nan faɗa maka da wata uku."

Ɗayyabu ya tuna duk ranakun da ya ji hannun nan a kafaɗarsa ya ɗauke shi tsoro. Ashe shekara talatin da ɗaya ce take taɓa shi.

Suka koma gareji. Rabilu ya ɗauko wata 'yar na'ura, ba ta fi kwalin ashana ba, da wayoyi biyu a jikinta. Ya cire kujera, ya raba wayar da ke kai saƙo zuwa maleji, ya jona na'urar a tsakani. Ya lissafa bambancin a bayan wani kwali, ya danna maɓallanta ya shigar da shi.

Suka fita gwaji. Saura kaɗan. Ya ƙara dannawa sau biyu.

A fita ta uku, maleji sittin, waya sittin.

Daga nan Ɗayyabu ya wuce asibiti. Ya tarar an gama duba mahaifinsa, yana zaune a kan benci a inuwa, an ɗiga masa magani a ido, yana jira ya ɗan washe ya nemi mota.

Ya durƙusa a gabansa, a gaban mutane. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Kai ne da gaskiya. Abin da nake kira sittin, saba'in da huɗu ne."

Dattijo ya yi murmushi. Ya ce, "Ni saba'in da biyar na ƙiyasta. Ashe na fara tsufa."

Mutanen da ke kan bencin suka fashe da dariya. Shi ma Ɗayyabu ya yi, ido na ƙwalla.

Suka kamo hanyar gida. Ɗayyabu ya ajiye babur a kan sittin, ta gaskiya. Yana ta jiran hannu a kafaɗa.

Hannu bai zo ba.

Murya ce ta zo.

A da, iska ba ta barin su ji juna, dattijo kuma riƙe ƙarfen baya kawai yake yi yana salati. Yau sai ya gyara zama, ya fara ba shi labarin ranar da birki ya tsinke masa a wani gangare da buhu ɗari uku a baya, da yadda Allah ya fitar da shi. Ya ba shi labarin wata mai tuwo a hanyar Kudu da ke ajiye masa kan kifi. Ya ba shi labarin ranar da aka haife shi, shi Ɗayyabun, lokacin uban yana can wani gari ya yi faci, sai bayan kwana huɗu labari ya same shi.

Ɗayyabu yana da shekara talatin da takwas, bai taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

Da suka iso ƙofar gida labarin bai ƙare ba. Dattijo bai sauka ba sai da ya kai aya.

Yanzu duk Alhamis da wuri suke fita, don kada su yi sauri.

Darasi: Ma'aunin da kake auna mutane da shi, shi ma yana bukatar a auna shi. Idan wanda ya san hanya, kuma yake ƙaunarka, ya nace cewa kana gudu, kada ka yi saurin cewa tsoro ne ko tsufa. Tsaya ka binciki abin da ka dogara da shi. Idan kuma ka gano kai ne ka karkace, je ka faɗa da bakinka tun mai haƙƙin yana raye.

Ka tura wa duk mai babur da ka sani. Ka kuma tura wa wanda Allah ya bar masa iyayensa, ko da keke ba shi da shi.