Turaren Kaka Fanna a Shekarar Babu

Gidanmu na unguwar Birni a Zinder yana bayan wani ƙaton dutse ne, a cikin lungu mai yashi wanda mota ba ta shiga. A tsakar gida akwai murhu a gindin katanga, kuma da sanyi ya shigo nan muke taruwa bayan an ci tuwo. Kakarmu Fanna, mahaifiyar babanmu, takan jawo 'yar kujerarta kusa da garwashi ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanena Bukar mu raɓe a jikinta. Kakanninta daga Barno suka zo, kuma har ta bar duniya, idan ranta ya ɓaci, Barbarci ke riga Hausa fitowa daga bakinta.

Babanmu malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Duk unguwa Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, har da Kaka, domin ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa. Ina ƙaramin aji aka shiga shekarun nan da albashin ma'aikata ke yin wata da watanni bai fito ba. Mu yara ba mu san komai ba sai abin da muka gani a tukunya. Mama ta miƙa wa Kaka makullin ɗakin hatsi da kanta, ta ce ita kanta ya ɗaure. Daga ranar gidanmu ya koma hannun tsohuwar nan.

Ban taɓa ganin mai tattali irinta ba. Nama ya koma na ranar Juma'a, daga baya ya ɓace gaba ɗaya, daddawa ta maye gurbinsa. Mai da cokali take zuba shi, ta kuma sa yatsa ta share cokalin a cikin miya. Ta sallami mai kawo mana ruwa a garwa, mu muka koma bin layin famfo da bokiti kafin mu tafi lakwal. Sabulu yanka shi take da zare, kowa da ɗan guntunsa. In an gama girki, sai ta binne sauran gawayi a yashi don gobe. Rigar Bukar ta sha faci har ba a gane asalin launinta. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta kuma bari an ɗauko ko ashana a kanti da sunan sai an biya mu ba.

Abin da ta kasa gyarawa shi ne babanmu. Mutumin da ba ya fita sai da guga, mai yawan barkwanci a majalisar ƙofar gida, ya daina fita in ba lakwal ko masallaci ba. Ya bar gemunsa ya yi buzu-buzu. Yana dawowa sai ɗaki, ya kara rediyo a kunne ko zai ji an ce an biya, har pil, wato batir, ya mutu. In Bukar ya yi dariya da ƙarfi sai ya daka masa tsawa, kamar dariyar ma kuɗi take ci.

A cikin wannan ƙuncin, abu ɗaya ne Kaka ba ta taɓa ba. Duk daren Juma'a sai ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau guda ɗaya, ta ɗebo garwashi a kasko, ta buɗe wata 'yar kwalba ta barbaɗa turaren wuta. Da hannunta take haɗa shi. Faifai take saƙawa, in an sayar mata a kasuwa sai ta ba gida mafi yawan kuɗin, ta rage ɗan abin da zai saya mata gajiji da farce da sukari. Ƙamshin yakan tsallake katanga ya cika lungu. Sai ta zagaya da kaskon ɗaki ɗaki, ta turara mu, ta turara har ƙofar babanmu da ke rufe.

Wata ranar Alhamis da yamma Gwaggo Zuwaira ta zo. Ƙanwar babanmu ce, tana auren wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwar Zango. An sauke mata buhun shinkafa a zaure, mu kuwa muka kama tsalle. Ta ci tuwo da mu, ta zauna bakin murhu, tana ta juya magana a baki. Da ta ga Kaka ta ɗauko kasko, sai ta kasa haƙuri.

"Iya, don Allah ki bar turaren nan. Wallahi ana magana. Alhaji da kansa ya ce mini, gidan da ake turare duk mako ai ba su cikin wani hali. Da ƙyar na shawo kansa ya ba da shinkafar nan. Ya ce in ya sake jin labarin turare, to an wadata ke nan."

Kaka ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da zaɓen garwashi.

"Ki gaishe shi, ki ce mun gode, Allah ya ƙara buɗi. In kyauta ce, mun karɓa da hannu biyu. In kuma hancina ya aiko ki saya, buhun yana nan inda aka ajiye shi."

"Haba Iya! Yara na cin tuwo ba mai, ke kina ƙona kuɗi?"

"Sun kwana da yunwa? Tambaye su." Ta barbaɗa turaren, hayaƙi ya tashi. "Zara, Bukar, ku matso. Ga wata tatsuniya na kamo muku, ku riƙe ta da kyau."

"Mun riƙe!" muka ce, kamar yadda ta koya mana. Amma a daren nan ta ɗaga murya fiye da kullum, kuma fuskarta tana kallon ƙofar babanmu ne.

Ta ce, a wani gari an yi wani baƙo, tsoho dogo siriri, sunansa Babu. Ba ya sallama. Gidan da ya shiga, sunansa ne ke komawa bakin kowa: ina gishiri, babu, ina mai, babu. Shi kuma ba tuwo yake ci ba, ajiyar zuciyar mutane ce abincinsa, da ita yake ƙiba.

Ya fara sauka gidan wani mai jin kunya. Don kada maƙwabta su gane wane ne baƙonsa, mutumin ya sayar da jakinsa ya yanka rago, ya kira makaɗa. Babu ya zauna yana tafi. Da gari ya waye ya aika aka kawo masa matarsa da 'ya'yansa, suka gaje gidan har gadon maigida. Daga nan ya leƙa gidan wani da ya binne geronsa yana cin dusa, ba ya kunna fitila, ba ya bari 'ya'yansa su yi wasa kada su ji yunwa. Babu ya dubi gidan ya ce, "A nan ba ni da aiki, maigidan ya riga ni." Ya wuce.

Sai ya isa gidan wata mace mai kaɗin auduga. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Na san ka. Baƙo kake, ba zan kore ka ba, ba ni da ƙarfin haka. Ga tabarma a zaure." Ta koma ciki ta auna geronta da ƙaramin ludayi, ta ɗinke zanenta, ta ci gaba da kaɗi. Babu ya kasa kunne yana jiran ajiyar zuciya, shiru. Ran Juma'a sai ya ga ta fito da lalle ja wur a hannu, ta zauna a bakin ƙofa, ta buɗe wani ɗan tulu, ta lakato zuma da yatsa ɗaya ta sa a baki, ta lumshe ido.

Nan Kaka takan shaƙe murya ta yi maganar Babu: "Ke! Ba ki san ina gidan nan ba?"

Sai ta saki murya ta yi ta macen: "Na sani mana. Kai ne a zaure, ni ce a ɗaki."

"Wa ya ba ki izinin shan zuma?"

"Wanda ya ba ka izinin shigo mini gida."

Babu ya fusata. Ya sa akuyarta ta mutu. Ta yi kukanta, ta jeme fatar ta yi shimfiɗa. Ya fasa tulun zumar. Juma'a ta zagayo, sai ga ta da dabino guda, ta raba shi biyu, ta ci rabi a gabansa a hankali, ta ƙulle rabi a bakin zane. Babu ya yi ta ramewa har iska na kaɗa shi.

"Sai ya gudu!" in ji Bukar.

"Bai gudu ba," in ji Kaka. "Kada in yi muku ƙarya. Babu ba ya tafiya don an harare shi, sai ranar da Allah ya sallame shi. Ya daɗe a zauren nan. Amma bai taɓa taka tsakar gida ba, bai taɓa kwana a gadonta ba, kuma da ya tashi tafiya bai tafi da fuskarta ba. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Gwaggo Zuwaira ta ja mayafi ta tashi, ko sai da safe ba ta ce ba. Buhun dai ta bar shi, don ba ta iya ɗauke abinci daga gaban mahaifiyarta ba. Mun ci shinkafar nan da tattali har ta kai mu nesa, amma wata ba ta sake biyo ta ba. Na ji Mama tana gunaguni a madafa cewa da an yi shiru da an samu na biyu, kuma ban ce ba ta da gaskiyarta ba.

Washegari kafin mu tafi famfo, na ga babanmu a tsakar gida yana hura gawayi a dutsen guga. Ya goge farar rigarsa, ya je wurin wanzami, ya tafi masallacin Juma'a. Da ya dawo ya durƙusa gaban Kaka ya gaishe ta.

"Mushe, an fito?" ta ce.

"An fito, Iya."

Ran Asabar babanmu ya hau kekensa ya nufi Guna, inda wani ɗan'uwan Kaka ke da lambu, ya ɗauro kabeji da tumatir ya kai wa masu sayarwa a gari. Mutane sun yi magana a kan wannan ma, wai malamin lakwal da kwandon kabeji. Ya ci gaba da yi duk ƙarshen mako har aka fara biyan albashi, kuma duk dawowa sai ya zaro mana 'yar goruba ko rake daga aljihu.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar zuma ce kawai, wato a ji daɗi ko ana wahala. Sai da na girma na riƙe gida na gane rabin da ya fi wuya shi ne ƙaramin ludayin. Macen nan ta iya kallon Babu ido cikin ido ne domin ba wanda ke bin ta komai, kuma zumar daga guminta ta fito. Na kuma gane wani abu da har yau yake ba ni haushi: mutane da yawa ba su iya tausaya wa mara hali sai sun ga ya yi kama da mara hali. Suna so su gan ka a yamutse kafin su yarda kana da buƙata, kuma in ka yi sakaci, kai ma sai ka fara ganin ba ka cancanci komai ba sai wahala.

Yanzu ni ungozoma ce a wani asibitin haihuwa a nan Zinder, da 'ya'ya huɗu da miji direba wanda aikinsa yau akwai gobe babu. Ba na shiga ankon biki, ba na canza waya don an fito da sabuwa, kuɗin lakwal na yara kuwa tun kafin hutu ya ƙare na ware shi. Amma duk ranar da albashi ya shigo, nakan tsaya wurin mai nama a hanya in sa a yanka mini ɗan balangu, a barbaɗa yaji da albasa, in haɗa da lemo mai sanyi. Yara suna da nasu rabon a wata takarda. Nawa nakan shiga ɗaki in zauna in ci shi a hankali, ba mai kirana.

Kwanan baya wata abokiyar aikina, Hajiya Rabi, wadda na ce wa ba zan sayi atamfar bikin ƙanwarta ba, ta ci karo da ni a wurin mai naman. Ta dubi ƙunshin da ke hannuna, ta dube ni.

"Au, Zara! Ke da kika ce ba ki da kuɗin anko?"

"Ban ce ba ni da kuɗi ba, Hajiya," na ce mata. "Cewa na yi ba ni da na anko. Bikin zan zo da zanena na bara, in taya ku rawa."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ni kuwa na juya wurin mai naman na ce ya ƙara mini albasa.