Jirgin da Aka Cire daga Layi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Yaya Sabo, a nan Guangzhou. Har yau in na ga takardar talla mai sheƙi ɗauke da hoton jirgin sama, sai in ji kamar zai fizge ta daga hannuna ya ce bari mu ga abin da suka ɓoye. A wurinsa na koyi zargi, kuma ban warke ba.

Shi ya kawo ni garin nan ya ɗora ni kan sarin labule, shi kuma yana ofishinsa na unguwar Xiaobei yana tura wa 'yan kasuwar Kano kaya ta sama. Abincinsa a jikin jirgi yake, amma bai yarda da ko ɗaya ba. Dalilin kuwa babanmu ne. Muna ƙanana jirgi ya faɗi da shi a hanyar fatauci. Da farko aka ce kuskuren matuƙi ne, daga baya muka riƙa ji a bakin mutane cewa irin jirgin ne ke da lahani tun daga ƙira. Kamfanin da ya ƙera shi ko sannu bai ce mana ba. Can sai wani kamfani ya haɗiye shi, aka sake suna, aka sake fenti, shi ke nan.

Yaya ya haddace tarihin kamfanin nan kamar lungunan unguwarmu. Ya san jirgi mai farfela da suka fara da shi, ya san waɗanda suka yi wa soja, ya san lokacin da suka koma ɗaukar fasinja. Ni kam har gajiya nake yi da labarin, in ce Yaya don Allah a bar mu mu ci abinci.

Wata shekara muna zagaya baje koli a Pazhou sai muka tsaya gaban rumfar masu ƙera ƙananan jiragen ado, irin na ajiyewa kan tebur. Sun jera jiragen kamfanin kaf, daga na fari har na yau. Yaya ya bi su da yatsa, sai ya tsaya cak. Irin wanda ya faɗi da Baba ba ya ciki. Ko gurbinsa ba a bari ba, an matso da na gaba ya rufe wurin. Ya tambayi mai rumfar, mutumin ya yi murmushi ya ce “meyo”, wato babu, don masu ba su aikin ba sa neman wannan. Yaya ya bi shi har masana'anta, ya nace, ya ƙi tafiya, sai da suka zuba masa guda ɗaya tak. Ya ɗora shi kan teburinsa. Duk wanda ya yaba kyan jirgin sai ya sha labari, a ƙarshe Yaya ya ce masa: “In mutum ya jera maka abin da ya ƙera, tambaye shi wanda ya cire.”

Abin da ya sa na tono wannan a bana shi ne 'yarsa Bilkisu. Tana kammala karatun injiniya a jami'a a nan, a hannuna take, kuma kamfanin da ya haɗiye wancan ya yi mata tayin horo da aiki. Mahaifiyarta daga Kano ta ce magana tana wurina. Bilkisu ta kawo mini takardarsu, na buɗe shafin tarihi, na bi hotunan da yatsa. Babu wanda ya faɗi da Baba. Na ce ba da yawuna ba.

Kuma ban ɓoye mata abin da ke raina ba. Me ya sa sai ita? Ina zargin fuskarta da mayafinta suke so a hoto, tunda yanzu kowa na neman sayar wa Afirka jirgi. Gobe in wani abu ya lalace, wa ya fi sauƙin ɗora wa laifi irin baƙuwa? Nakan zauna in ce da Yaya na nan me zai ce. Wata rana in ga zai yaga takardar, wata rana kuma in tuna shi ne ya fara saya mata sukuddireba tun tana firamare. Gaskiya tsoro nake ji, kada gidan da ya ci mana uba ya sake cin mana 'ya.

Makon jiya ta same ni a shago. Ta ce a wurin ganawa da mutanen kamfanin an ba ta damar yin tambaya, sai ta kira sunan jirgin, ta ce ina yake a tarihinsu. Wai mai ganawa da ita ya ce da shi ake fara koyar da sababbin injiniyoyi a cikin gida, a takarda ne dai ba a sa shi. Na ce mata wannan daɗin baki ne, kowa zai iya faɗa.

Ta ce: “Ni ma ban yarda da shi ba, Gwaggo. Shi ya sa nake son shiga in gani. Babana ya yi ta tambaya daga waje, ba wanda ya amsa masa.”

Muryar Yaya na ji sak. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, wannan taurin kan ya bari, ga shi kuma ya tsaya a gabana da mayafi.

Na ɗauko ƙaramin jirgin nan na Yaya daga inda na adana shi, na naɗe shi da ragowar yadin labule na miƙa mata. Sharaɗi ɗaya na gindaya: a kan teburinta zai zauna, inda duk mai shigowa zai gan shi. Har yanzu ban yarda da kamfanin ba, kuma zan riƙa kiranta ta bidiyo ba tare da sanarwa ba. Ranar da na ga an mayar da jirgin cikin durowa, ranar zan je in ɗauko 'yata.