Karayar Hannu da Aljabara

A shekarata ta biyu a Doha na karya hannu, kuma ba a wurin aiki ba. Ƙwallo muke bugawa ranar Juma'a bayan la'asar a wani fili a Ain Khaled, mu magidanta masu tumbi. Na tashi zan nuna bajinta, sai ga ni a ƙasa, hannun dama ya lanƙwashe. Maƙwabcina, wani ɗan Zangon Kumasi, shi ya kai ni asibiti, yana tuƙi yana ƙunshe dariya.

Likitar ƙashin wata dattijuwa ce 'yar Iraƙi, mai son hira. Tana naɗa mini filasta ta tambayi sana'ata, na ce injiniya ne.

"Ashe ka san abin da nake yi maka," in ji ta. "Aljabara ce."

Na ɗauka zolaya ce. Ta ce a'a, da Larabci jabru shi ne ɗori, wato mayar da abin da ya karye mazauninsa. Wani malami daga ƙasar Farisa da ya zauna a Bagadaza ne ya ari kalmar, ya raɗa wa dabarar daidaita ɓangarori biyu na lissafi. Daga baya Turawa suka fassara littafinsa a Andalus, suka tafi da kalmar. Sifili ma ta hannun Larabawa ya isa Turai, su kuma daga Indiya suka samo shi.

Maƙwabcina ya gaji. "Likita, a bar Bagadaza tukuna. Hannun zai koma?"

"Zai koma. Khalas, an gama, ku tafi."

Tun a sakandare nake fama da aljabara, ina ɗauka daga Ingila aka kawo mana wahalar. Da aka ba ni hutun jinya sai na duƙufa karanta tarihinta, ina latsa waya da hagu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha lacca kafin ya sha shayi. Baƙi suka fara raguwa.

Wata safiya na soma yi wa uwargida bayanin yadda 'yan kasuwar Italiya suka koyi lambobi a Arewacin Afirka. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Maigida, yaushe za a cire filastar nan ne?"

"Sai mako mai zuwa."

"Allah Ya nuna mana, ka koma aiki mu huta."