Fusae Ta Warke a Tsibirin Kutare

Ɗaki ɗaya aka sa mu ni da Fusae lokacin da aka kawo ni tsibirin kutare. Ta girme ni, kuma ta riga ni zuwa, don haka Yaya nake ce mata har ta bar duniya. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Hisano ne. Amma duk wanda ya sauko daga jirgin ruwa, ma'aikacin da ke karɓar sababbin zuwa yakan ba shi shawara ya sake suna don kada a gane danginsa. Ita ma ta sake, ta zama Fusae.

Mahaifinta mai shagon magungunan gargajiya ne a wani ƙauye cikin duwatsun Shikoku, a ƙasar Japan. Tun tana ƙarama ita ke daka masa saiwoyi da busasshiyar citta da ɓawon lemu, tana ƙunsa wa masu saye. Wata safiya ta hunturu tana budurwa, ta dafa gefen kaskon gawayi tana hira. Uwarta ce ta fara jin ƙaurin fata, ita kuwa ba ta ji komai ba. Mahaifin ya kama hannun ya duba, ya duba wani farin tabo a damtsenta.

A ranar ya hau da ita ɗakin sama inda ake shanya saiwoyi, ya ɗauke tsani. Kusan shekara biyu ta yi a nan. Babu abin da bai dafa mata ba, mai ɗaci da mai bauri. Ta tsagin katako takan ji masu saye suna tambaya, “Ina Hisano kwana biyu?” Shi kuma ya ce, “Ta tafi aiki masaƙa a Osaka.”

Har ta mutu ba ta san wanda ya kai rahoto ba. Ɗan sanda ya zo da mutane masu fararen kaya, suka fesa wa shagon maganin kashe cuta har komai ya yi fari fat, maƙwabta na kallo. Magungunan da mahaifin ya shekara yana tarawa aka fito da su waje aka cinna musu wuta. Ita kuma aka sa ta a taragon jirgin ƙasa ita kaɗai.

A tsibirin ma maganin itace ta tarar. Wani mai ne da ake matsowa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasashen kudu. Kauri ne da shi, sai an ɗumama shi kafin ya bi ta allura, kuma inda aka soka yakan kumbura ya yi ƙurji. Ma'aikatan jinya ba su da yawa, saboda haka masu sauran yatsu su ke yi wa 'yan'uwansu. Fusae na cikinsu. A nan ta haɗu da Torazo, wani tsohon masunci da bakinsa ba ya hutawa.

“Fusae, a hankali don Allah,” in ji shi. “Cinyar nan ita kaɗai ta rage mini mai kyau, ita zan kai neman aure.”

“Wa zai aure ka da wannan surutun? A baki ya kamata a yi maka allurar.”

“To ke fa? Na ga kullum ke kike zaɓo ni a layi.”

“Sauran ne suka ƙi ka.”

Ba a shekara ba suka yi aure. Aure a tsibirin da sharaɗi yake: sai an yi wa namiji aikin da zai hana shi haihuwa. Torazo ya dawo daga ɗakin aikin yana ɗingishi yana tsokanar mutane, amma Yaya ta ce mini ya yi kwanaki ba ya iya kallon idonta.

Ni bayan yaƙin duniya na biyu aka kawo ni, lokacin yunwa. Kabewa da ganyen dankali muke ci, mutane na mutuwa kusan kowane mako. Ana cikin haka labari ya zo cewa an samo sabon magani daga Amurka, Promin, wanda ake yi a jijiya, kuma shi ƙwayar cutar yake kashewa. Da farko ba mu yarda ba, don mun sha jin irin wannan. Sai muka ga wani dattijo da ƙuraje suka rufe wa fuska, har an fitar da rai da shi, ya tashi yana aske gemu.

Maganin bai isa kowa ba, sai aka yi ƙuri'a. Fusae ta ci, Torazo bai ci ba. A lokacin idanunsa sun fara yin hazo. Ta je ta roƙi likita a ba shi rabonta, likita ya ce ba a sauya suna.

“Ki karɓa, ke dai,” in ji Torazo. “In kin warke kya riƙa ja mini gora. Da ma na gaji da ganin fuskar Sueno da sassafe.”

Sueno ni ce, don ko da aurensu ɗakinmu ɗaya da Yaya, shi sai dai ya zo ya kwana. Na jefe shi da takalmi, muka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sai da mazauna tsibirin suka yi ta kai kuka, har wasu suka ƙi cin abinci, sannan aka kawo mai isar kowa. Torazo ya samu, cutar ta tsaya, amma idanun sun riga sun tafi.

Fusae kuwa ta warke. Tabon fuskarta ya baje, in ban da yatsu biyu na hannun hagu da suka lanƙwashe da girarta da ta zube, ba mai cewa ta taɓa ciwo. Aka yi ta yankar fatar kunnenta ana aunawa, shekara bayan shekara, ba a ga komai ba. Ran nan ta tari likita.

“Likita, ka ce babu ƙwayar cuta a jikina?”

“Babu.”

“Ba zan sa wa kowa ba?”

“Ba za ki sa wa kowa ba.”

“To yaushe zan tafi gida?”

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce dokar da ta kawo mu ta faɗi yadda ake shigowa, ba ta faɗi yadda ake fita ba. Abin da zai iya shi ne ya ba ta izinin 'yan kwanaki.

Ta daɗe ba ta nema ba. Sai da ta kai shekara arba'in ta ɗaura niyya. Na zana mata gira da gawayi, ta sa safar hannu, ta bar mini Torazo.

Ta tarar iyayenta sun rasu. Shagon na nan, amma an sa masa gilashi da fitilu, kwalabe da ƙwayoyin zamani jere, har da tallan penisilin a bango. Yayanta Seiroku ne a ciki da farar riga, yana sallamar wasu mata biyu. Ya ɗaga kai ya gan ta, fuskarsa ta sauya.

“Sannu da zuwa,” ya ce, kamar yadda ake ce wa baƙuwa. “Me za a ba ki?”

“Maganin tari,” in ji ta.

Da matan suka fita ya ja ta ta ƙofar baya, ya zaunar da ita a bakin rijiya, ya durƙusa a gabanta yana kuka.

“Hisano, kin yi kyau. Kin warke da gaske?”

“Na warke, Yaya. Irin magungunan da kake sayarwa ne suka warkar da ni. Kai ka fi kowa sani.”

“Na sani. Amma mutanen garin nan ba su sani ba. Shekara goma muka yi ba mai taka shagon nan. Baba ya ce wa kowa kin mutu, har an yi miki addu'a a wurin ibada. Ga 'yata, an sa bikinta da kaka. In dangin mijin suka ji...”

“Ina take? In gan ta ko daga nesa.”

“Ta kusa dawowa,” ya ce, yana kallon ƙofa.

Ta gane. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta bi ta lungun baya zuwa tasha.

Washegari sai ga ta a jirgin safe. Torazo na zaune a rana, ya ji takunta.

“Har kin dawo? Korar ki suka yi, ko kewata ce ta hana ki barci?”

“Abincinsu gishiri ya yi yawa,” ta ce. Ta shiga ɗaki ta ɗora ruwan shayi. Ni ma sai bayan shekaru ta ba ni labarin.

Ba ta sake neman izini ba. Ta koma ɗinka wa makafi kaya, tana karanta musu jarida, tana noman albasa a bayan gida. Torazo ya rasu yana tsokanar mai jinyar da ke auna masa jini.

Ta haura saba'in aka soke dokar. Aka tara mu a babban zaure, wani jami'i ya sunkuyar da kai ya ce daga yau kowa na iya tafiya inda yake so. Na dubi zauren, duk tsofaffi ne, rabi a keken guragu. Yaya ta matso kusa da kunnena.

“Sueno, ke ina za ki?”

“Ban sani ba, Yaya. Ke fa?”

“Albasata ta isa cirewa,” ta ce.

Ciwon huhu ne ya ɗauke ta bayan 'yan shekaru, da bazara. Ofis ya aika wa danginta, ba wanda ya zo. Mu muka raka ta, mu da wata ma'aikaciyar jinya da ta yi kuka fiye da kowa. Ni ina nan har yanzu. An mayar da ni ɓangaren marasa ƙarfi, kusa da teku, inda abinci yake zuwa a kan tire.